Ƙofar da Ya Ƙera da Hannunsa

"Ke da wa kike kwana?"

Auta ta ɗago kai ta dubi malamar asibitin. Ta ɗauka kunnenta ne bai ji daidai ba.

"Ni da 'yata. Wani lokaci da uwar mijina, in ƙafarta ta matsa mata."

Malamar ta cire tabarau ta ajiye a kan tebur. Ta miƙa ƙafa ta tura ƙofar ɗakin ta rufu, hayaniyar masu jiran layi ta ragu.

"Ba wannan kwanan nake nufi ba, ƙanwata. Abin da muka gani a gwajinki ƙwayar cuta ce mai rai, 'yar mitsitsiya, ido ba ya ganinta sai da madubin likita. A asibiti tirikomonas muke ce mata. Ita ke kawo ƙaiƙayin nan, da ruwan da kika ce yana fita mai wari, da zafin fitsari. Kuma ta wurin saduwa ake ɗaukarta."

"Ba cutar banɗaki ba ce?"

"Kowa haka yake cewa. Banɗaki dai ya sha ƙazafi a duniyar nan. Wannan daga jiki take shiga jiki."

Auta ta ji kamar an ɗaga kujerar da take zaune an sake ta. Ta riƙe bakin teburin.

"Malama, mijina ya rasu sama da shekara. Wallahi tun daga ranar ko hannuna namiji bai riƙe ba."

"Yaushe abin ya fara miki?"

"Yana raye. Yakan lafa, ya dawo. Na yi matsi, na yi tsarki da ruwan zafi har na sale. Ƙofar ƙarfe ma aka sa wa banɗakinmu da kwaɗo, wai a wurin 'yan haya nake kwasowa."

Malamar ta dube ta irin duban da mace ke yi wa mace.

"To, kin ba kanki amsa. Ƙwayar nan in ba a kashe ta da magani ba, tana iya yin watanni, har shekaru, a jikin mutum. Maza kuwa yawancinsu ba sa jin komai, suna yawo da ita ba su sani ba. Abin godiya, tana jin magani. Ki sha na mako guda, kada ki tsallake ko kin ji sauƙi. Ki daina matse-matsen nan. Bayan 'yan watanni ki dawo mu sake dubawa. Da akwai miji, da tare za ku sha, in ba haka ba ya sake mayar miki."

Auta ta karɓi maganin ta cusa can ƙasan jaka, ƙarƙashin yadin wata mata da ta karɓo ɗinki.

A hanya ba ta ga motoci ba, ba ta ji masu talla ba. Mijinta Direba kawai take gani, Allah ya jiƙansa, yana saukowa daga babbar motarsa bayan doguwar tafiya, da leda cike da tsaraba, yana dariya har da riƙe ciki. Mutumin da bai taɓa ɗaga mata murya ba. Mutumin da uwarsa har yau take shafa hotonsa da gefen zane kafin ta share ɗaki.

Tun daga kan kwana ta jiyo kukan injin yankan ƙarfe. Shagon Mai Walda ke nan, a bakin layinsu. Yana sunkuye kan wata taga, tartsatsi na tashi ta gefen fuskarsa. Kamar an taɓa shi, ya ɗago baƙin gilashin ya hango ta.

"Ranki ya daɗe, yau ko gaisuwa babu? Ko wani ya riga ni?"

Wasa yake yi. Kullum haka yake faɗa. Yau kam maganar ta sauka mata a ƙirji kamar guduma.

Watanni ke nan yana nemanta, kuma ba a kan shimfiɗa mai laushi ba. Yayarsa, wadda ta raine shi tun rasuwar iyayensu, ta rantse saurayi kamarsa ba zai fara da mace mai 'ya ba. A cikin gida kuma ga Dogo, ƙanin marigayi, wanda ya kafa ya tsare cewa matar wansa da 'yar wansa ba za su fita daga gidan ba alhali yana numfashi. Inna ce kaɗai, uwar marigayin, ta ce a bar yarinya ta zaɓi inda ranta ya kwanta.

"Ka zo da yamma," in ji Auta. "Akwai magana."

*

Ya zo da yamma, ya yi wanka, amma ƙamshin ƙonannen ƙarfe bai bar shi ba. Suka zauna a kan bencin ƙofar gida, tazarar mutum ɗaya a tsakaninsu kamar kullum.

Tun a asibiti take shawara da zuciyarta. Tana iya shan maganinta shiru, ta warke, babu wanda zai ji. To amma ta riga ta zauna da mutum ɗaya mai ɓoye-ɓoye ba ta sani ba, kuma ga abin da ya bar mata. Ba za ta fara wani zaman da ɓoyo ba.

"Kafin in faɗa, ka yi mini alkawari. Akwai wani yanki na maganar da ba na so ya kai kunnen Inna har abada."

"Na yi."

Ta faɗa masa. Idonta na kan yatsun ƙafarta, amma ba ta rage komai ba. Har sunan marigayi ta ambata.

Mai Walda ya sunkuya. Ya ɗauki wani guntun waya a ƙasa yana lanƙwasawa, yana miƙarwa.

"Ka yi magana mana."

"Me zan ce?" Ya yi wata 'yar dariya marar daɗi. "Mutum ya shekara a ƙasa, cutarsa tana nan da ranta?"

"Haka malamar ta ce."

"Malamar ta ce, ko ke kika ce mata?"

Auta ta juyo ta dube shi sosai. Ba ta taɓa ganin fuskarsa haka ba. Irin kallon da yake yi wa ƙarfe ne in yana neman inda ya tsage.

Daidai nan ƙarar babur ta karyo kwana. Dogo ne. Ya tsaya a gabansu, ya kashe, ya zare wata leda daga hannun babur ɗin ya miƙa mata.

"Matar yaya, ga sabulun da kike so. Mai walda, sannu da zaman benci. Ba a gajiya?"

Ya tura babur ɗinsa cikin gida yana fito, kamar mai shiga ɗakinsa. Mai Walda ya bi shi da ido har ya ɓace, sannan ya dawo da idon kan ledar da ke cinyarta.

"Har ya san sabulun da kike so."

"Gida ɗaya muke. Inna ce ke aikensa."

"Gida ɗaya kam."

Maganar ƙofar ƙarfen nan ta zo mata har baki. Shi ya ƙera ta, tun Direba na raye, ita tana ɗaki ranar, ruwan sha kawai ta aika musu. Tana iya cewa, je ka duba aikin hannunka, ka tambayi Inna dalilin yin sa. Sai ta fasa. In har sai ta jawo ƙarfe ya yi mata shaida, to bakinta fa, me ya zama?

Ta haɗiye maganar.

Ya miƙe, ya jefar da wayar. Ta lanƙwashe har ta karye biyu.

"Sai da safe."

*

Safiyar ta zo, shi bai zo ba. Wata safiyar ma ta zo ta wuce.

Auta na kan keken ɗinkinta a baranda tana jiyo injinsa daga bakin layi, yana kuka tun safe har yamma kamar mai faɗa da ƙarfen. Ta ɗinke hannun riga a bai-bai, ta farke, ta sake. Maganin tana sha a ɓoye bayan labule, ɗacinsa na kwana mata a harshe. Ƙaiƙayin ya fara ja da baya. Abin da ke ƙirjinta ne ba shi da magani.

Ta fara zargin kowa. In 'yan haya sun yi dariya a bakin famfo, sai ta ce da ita suke. In mai kawo ɗinki ta daɗe tana kallonta, sai ta ce labari ya kai. Har Inna, da ta ce mata, "'Yar nan, kin rame," sai da gabanta ya faɗi.

Inna kuwa tana nan kan al'adarta. Kullum da safe ta dafa ruwa, ta kwance makullin daga bakin zanenta, ta ja ƙafarta mai ciwo zuwa banɗaki ta wanke shi tas, tana mita.

"Ba don kwaɗon nan ba, da mutanen nan sun ƙarasa mini ke."

Auta takan kau da kai.

Ranar da abin ya fashe, da la'asar ne. Inna na zaune kan tabarma tana tsintar shinkafa, 'yar Auta ta tafi makarantar yamma. Aka yi sallama da murya mai kaifi. Yayar Mai Walda ce ta shigo, jaka a hammata, shi kuma yana bayanta kamar wanda aka jawo da igiya.

Ta gaida Inna a tsaitsaye. An ba ta kujera, ta zauna a gefe-gefe kamar kujerar na da datti.

"Inna, ba daɗewa zan yi ba. Na zo in janye maganar ƙanina ne, tun muna ganin mutuncin juna."

Inna ta ajiye faranti. "Subhanallahi. Me ya yi zafi?"

"Ki tambayi 'yar taki. Yaron nan ya zo mini shagon magani yana kame-kame, wai wani abokinsa ne budurwarsa ke da cuta kaza. Ni na goya shi, ni zai yi wa wani abokina? Abokansa nawa ne ban sani ba?"

Auta ta dubi Mai Walda. Ya sunkuyar da kai.

"Tambaya kawai na yi," ya ce a hankali. "So nake in san ko gaskiya ne tana daɗewa."

"Tana daɗewa, ba ta daɗewa, ruwa dai ba ya tsami banza!" Yayar ta juyo kan Auta. "Ke, ba zagi na zo yi ba. Tambaya ɗaya ce. Mace ba miji, ga cutar da sai an kwanta ake ɗauka. Daga ina? Daga sama ta faɗo?"

Auta ta buɗe baki. Ta dubi Inna, da hannunta mai jijiyoyi a kan farantin, da hoton da ke leƙowa daga bangon ɗaki ta ƙofar da aka bari a buɗe. Kalma ɗaya ce za ta wanke ta. Kalmar kuma za ta kashe wa tsohuwar nan ɗanta karo na biyu.

Ta rufe bakin. Hawaye suka gangaro.

"Kin gani ko? Shiru ma magana ce."

"Kai ma ba za ka ce komai ba?" Auta ta ce wa Mai Walda.

Mai Walda ya ɗago. Ta ga alkawarin da ya yi mata a idonsa, ya riƙe shi, bai saki ba. Amma ta ga ɗayan abin ma, yana nan daram.

Labulen ɗakin gefe ya motsa. Dogo ya fito yana gyara wuyan riga, ashe duk yana ji.

"Haba, baiwar Allah, a gidanmu za ki zo kina ɗaga murya? In ƙaninki ya fasa, ya fasa mana. Mu ba ma jefar da namu. Ko me ke jikinta, ni na ji na gani. A bar mini ita, in rufa asiri."

Yayar ta tafa hannu. "Ahaf! Biri ya yi kama da mutum. Mai kaza a aljihu ai ba ya jimirin as."

Jijiyar wuyan Mai Walda ta miƙe. Ya dubi Dogo, ya dubi Auta, ya juya zai fita.

"Kai, tsaya."

Inna ce. Ba ta ɗaga murya ba, amma kowa ya tsaya.

"Ni tsohuwa ce, kuna ta magana a kaina kamar ba na wurin. Ke mai shagon magani, wace cuta ce wannan? Ki faɗa mini da Hausa."

Yayar ta ɗan rage murya. "Ƙaiƙayi ne, Inna, da fitar ruwa, da zafin fitsari."

"Cutar banɗaki ke nan."

"Haka mutane ke cewa. Amma ba a banɗaki ake samunta ba. Sai namiji da mace sun haɗu."

"Namijin fa, yana sanin yana da ita?"

"Yawanci ba ya jin komai."

Inna ta daɗe tana kallon shinkafar da ke gabanta. Ta tsinci wani ɗan tsakuwa ta riƙe a tafin hannu, kamar shi ne abin da ake magana a kai. Sannan ta dubi Auta.

"'Yar nan, shi ne wannan ɗin dai? Na tun da?"

"Inna, don Allah ki bari," Auta ta fashe da kuka. "Ki bar su su tafi. Na haƙura da auren. Wallahi na haƙura."

"Ban tambaye ki aure ba."

Tsohuwar ta dafa bango ta miƙe. Dogo ya kawo hannu, ta ture. Ta ja ƙafa har ƙarshen tsakar gida, inda ƙofar ƙarfen take, shuɗin fentinta ya fara ɓarewa daga ƙasa saboda ruwan zafin kullum. Ta buga ta da tafin hannu, ta yi ƙara.

"Mai walda, zo nan. Wa ya ƙera wannan?"

"Ni ne, Inna."

"Wa ya sa ka?"

"Marigayi."

"Ina tsaye a nan ranar, shi ya riƙe maka ita kana liƙawa. Ka ce masa, wa ke sa wa banɗaki ƙofar da ta fi ta shago? Me ya ce maka?"

Auta ta ga fuskar Mai Walda ta sauya a hankali, kamar ƙarfen da aka cire daga wuta yana hucewa. Leɓensa ya motsa kafin murya ta fito.

"Ya ce... ya ce madam ce ta kwaso cutar banɗaki wurin 'yan haya, ta hana shi barci da ƙorafin ƙaiƙayi. Ya ce in yi mai ƙarfi. Har ya yi dariya."

'Yar hayar da ke leƙe ta taga ta saki labule.

"To, kun ji," in ji Inna. "Yarinyar nan daga gidan ubanta ta zo gidan nan, ko kasuwa ba ta zuwa sai da ni. Wanda ke kwana a hanya, ni na haife shi." Muryarta ta karye, ta gyara. "Na yi faɗa da maƙwabta, na kira matan mutane ƙazamai. Kullum ina dafa ruwa ina wanke siminti. Ashe ƙazantar ta ƙofar ɗaki take shigowa, da tsaraba a hannu."

"Inna, mamaci ne fa!" Dogo ya faɗa.

"Na fi ka sanin mamaci ne. Shi yana gaban Mai gafara, Allah ya yafe masa, wataƙila bai ma san yana ɗauke da ita ba. Ita kuwa tana gaban mutane, kuma mutane ba sa yafiya. Kai kuma da kake cewa ka ji ka gani, me ka gani? Ka bar mutane su zarge ta da kai don ta rasa mafita. Kauce mini."

Dogo ya shige ɗaki. Yayar ta gyara jakarta, ta ce, "Allah ya ba da haƙuri," can ƙasa-ƙasa, ta nufi ƙofa.

Ƙafar Inna ta gaza. Ta sulale ta zauna a ƙasa, bayanta jingine da ƙofar ƙarfen. Auta ta ruga ta durƙusa ta rungume ta.

"Me ya sa kika faɗa, Inna? Da kin bar shi yadda kike ganinsa."

"Da ke fa, in bar ki yadda suke ganinki?" Ta kwance makullin daga bakin zanenta, ta danƙa mata. "Karɓi. Na gaji da dafa ruwa."

Mai Walda ya matso, ya durƙusa nesa kaɗan. Idonsa ya yi ja.

"Auta, ki yafe ni. Shaiɗan ne da kishi. Na yarda, wallahi na yarda."

Ta share fuska da gefen mayafi, ta dube shi. Son nan yana nan, ta ji shi yana motsi a inda yake. Amma wani abu ya zauna a kansa.

"Na faɗa maka da bakina a kan benci, ba wanda ya tilasta ni. Ka dube ni kamar ka kama ɓarauniya. Yau ƙofa ta faɗa maka, ka yarda."

"Auta..."

"Ƙofar ka yarda da ita, ba ni ba."

Ta juya makullin a hannunta, sannan ta ajiye shi a ƙasa tsakaninsu.

"Gobe ka zo da injinka ka cire ta. Inna ba za ta ƙara ganinta ba. In ka fitar da ita daga gidan nan, ba sauran shaida sai bakina, to ka zauna a bencin nan ka sake tambayata daga ina. In ka iya jin amsar ba ka dubi babur ɗin kowa ba, sai mu yi maganar aure."

Ta tallafi Inna suka nufi ɗaki a hankali, ƙafa uku da rabi.

Mai Walda ya ɗauki makullin. Ya miƙe ya shafa gindin ƙofar, inda ya liƙa ta da ginshiƙi, yana neman wurin da zai fara yanka. Ya bi layin waldar da yatsa daga sama har ƙasa. Babu rami, babu tsaga. An ce ya yi mai ƙarfi, ya kuwa yi.